Sunan Kaka, Sunan Waya ko Sunan Rana: Wanne Za a Raɗa wa Jaririn?

Matar ƙanena ta sauka ranar wata Laraba da asuba, aka samu mace. Kafin la'asar sunaye uku sun riga sun shigo gidan. Hajiyarmu ta ce ita ba ruwanta, duk abin da aka sa Allah ya raya, amma sau biyu tana ambata cewa har yau ba wanda ya mayar da sunan mahaifiyarta, Hadizatu. Mai jego kuwa tun cikin yana wata biyar ta adana suna a wayarta: Afnan. Sai ga kawunmu ya iso daga ƙauye barka, ya leƙa zanen goyo ya ce, "A'a, ashe Larai ce ta zo mana." Da dare ƙanena ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, ya zan yi ne?"

Ni malamin firamare ne, kullum safe ina kiran rajista, don haka na ga yadda kowane irin suna yake zama a jikin yaro bayan an watse daga walima. Abin da na faɗa masa a daren nan shi na faɗaɗa a nan, ko zai yi wa wani amfani kafin ranar bakwai ta riske shi.

Bahaushe tun asali gurbi biyu yake da shi. Akwai sunan yanka, wanda aka yi huɗuba da shi, aka yanka rago a kansa, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar. Akwai kuma laƙabi, wanda ake kiran mutum da shi a tsakar gida da kasuwa. Marigayi Shehu Shagari sunansa na yanka Usman ne. Shehun laƙabi ne da ake yi wa duk Usman don girmama Shehu Ɗanfodiyo. Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, Abdulƙadir ne. Yawancin rigimar da ake yi a gidajen suna yanzu ta taso ne daga tura sunaye uku cikin gurbi ɗaya, alhali ga ɗaya gurbin can a buɗe.

Mu fara da na Hajiya, wato tsohon suna da ake mayarwa. Abubakar, Umar, Usman, Aliyu, Ibrahim, Musa, Hauwa'u, Maryam, Amina, A'ishatu, Faɗimatu, Zainabu. Babu wanda zai tambaye ka ma'anarsu ko asalinsu, babu malamin da zai ɗaga gira a wajen huɗuba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, sunayen annabawa da sahabbai kuma ba a taɓa jayayya a kansu ba. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye yana zuwa da 'yan rakiyarsa, na gargajiya da na zamani. Abubakar zai iya zama Garba ko Habu ko Buba, zai kuma iya zama Sadik. Umar Sanda ne a bakin tsofaffi, Faruk a bakin 'yan boko. Aliyu yana da Haidar, ga kirarin Gadanga ƙusar yaƙi kyauta. A'isha Indo ce ko Shatu ko Humaira, Faɗimatu Binta ce ko Zahra ko Batula, Hauwa'u Kulu ce ko Jidda, Hadizatu kuwa Dije ce ko Kubra. Ke nan mai jegon da take tsoron kada sunan ya yi wa 'yarta tsufa tana da mafita tun daga cikin sunan.

Sai kuma zaman lafiyar gida, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar da aka yi wa takwara ko aka mayar da sunan uwarta, har ta koma ga Allah yarinyar nan tata ce. Ita ce mai ɗan kunne, ita ce mai kare ta ranar da uwa ta ɗauko bulala.

Amma tsohon suna yana da nasa nauyin, kuma ni ne nake ɗaukarsa a aji. Na taɓa riƙe ajin da Fatima biyar ne a ciki, biyu daga cikinsu kuma sunan mahaifinsu ɗaya. Dole muka koma Fatima babba da Fatima ƙarama, daga baya ƙaramar ta fi babbar tsawo. Gidan da ya ɗauki Muhammadu ya bi shi da lissafi, Auwal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Tasi'u da Ashiru, ya samu albarkar sunan, amma ranar da sakamakon jarrabawa ya fito aka ga Muhammad Sani Muhammad uku a takarda ɗaya, sai an koma ga lamba. Sa'annan ga alkunya. Idan sunan surukinki aka sa wa ɗanki, ba za ki taɓa furta shi ba. Yaron zai tashi Abba ko Baffa ko Khalifa, yarinyar kuma Ummi ko Walida ko Mama. Sunan da aka yi ta dambarwa a kansa sai ya kwanta a takarda, ba mai kiransa sai likita da malamin makaranta. Wannan ma ba laifi ba ne, sai dai a shiga da sani.

Abu ɗaya da ba na ba da shawararsa shi ne sa sunan mai kuɗin unguwa ko ɗan siyasar da ake yayi don a samu ragon suna. Rago kwana biyu ne a tukunya. Mutumin kuma yana raye, bai gama rubuta tarihinsa ba, ba ka san da wace fuska za a riƙa ambatonsa ba lokacin da yaronka zai shiga sakandare.

Yanzu ga na mai jego. Abin da ake kira sunan zamani ba abu ɗaya ba ne, kuma masu kushe shi a dunƙule ba su yi masa adalci ba. Kashi na farko ba sababbi ba ne ko kaɗan, mu ne ba mu saba da su ba. Sumayya ita ce mace ta farko da ta yi shahada a Musulunci, Ammar ɗanta ne. Nusaiba ta tsaya a Uhudu. Mus'ab shi aka tura Madina ya koyar da Alƙur'ani kafin hijira. Huzaifa, Anas, Mu'azu, Rumaisa'u, Juwairiyya, duk sahabbai ne. Yawaitar makarantun Islamiyya da karatun tarihin sahabbai ne ya fito da su daga littafi zuwa tsakar gida. Wanda yake son sunan da ba a cika ji ba, kuma mai tushe, nan ne rumbunsa, kuma har yanzu ba a ci rabinsa ba.

Kashi na biyu kalmomin Larabci ne masu daɗin ma'ana: Amal buri ne, Hanan tausayi, Ihsan kyautatawa, Farhan mai farin ciki, Afnan kuwa rassan bishiya, kalmar tana cikin Suratur Rahman inda ake siffanta gidajen Aljanna. Ba su da aibu a shari'a. Matsalarsu biyu ce. Wasunsu ba sa nuna mace ne ko namiji. Na taɓa rubuta Ihsan a layin 'yan mata, ranar farko sai ga ɗan saurayi da hula ya amsa. Ta biyun ita ce yayi. Sunan da kika ɗauka don kada 'yarki ta yi takwara, shi duk ƙawayenki suka gani a shafi ɗaya na intanet a wata ɗaya. Ajin 'yan nazare yanzu Amal da Iman da Hanan sun fara yin yawan da Fatima take yi a da. Sai dai in faɗi gaskiya, Jamila da Nafisa da Samira da Kamal su ma an taɓa kallonsu a matsayin sunan 'yan gayu, yau ga su da jikoki. Wani yayin yana zama.

Kashi na uku ne nake tsoro: sunan da aka tsinto daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, ko daga wani jeri a TikTok da aka rubuta wa kowane suna ma'anar "furen Aljanna" ko "ƙofar Aljanna" ba tare da an ce daga wane ƙamus ba. Ko kuma a buɗe Alƙur'ani a ɗauko kalma don sautinta ya yi daɗi. Minal da ake ta sa wa 'yan mata, in daga Alƙur'anin aka ɗauko ta kamar yadda wasu iyayen suke cewa, to harafi ne da yake nufin "daga", an haɗa shi da farkon kalmar da take biye. Kasancewar kalma a Alƙur'ani bai mayar da ita sunan yanka ba. Fir'auna da Hamana da Ƙaruna ma suna ciki. Manzon Allah (SAW) da kansa ya canza wa mutane suna saboda ma'ana. Wata mai suna Asiya da harafin aini da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Asiyar da muke sa wa 'ya'yanmu daban ce, ita ce matar Fir'auna mumina, da alif da sin ake rubuta ta. A bakin Bahaushe kusan sauti ɗaya ne, a Larabci kuwa tsakaninsu akwai tafiya. Haka Barra ya mayar da ita Zainab don kada suna ya zama yabon kai. Saboda haka kafin a yi huɗuba da baƙon suna, a kai wa wanda ya karanci Larabci da gaske, ba wanda ya haddace jerin waya ba, a ce ya rubuta shi da haruffan Larabci, ya faɗi tushensa, ya kuma faɗi ko ya san wani na ƙwarai da ya taɓa amsa shi. In ya tsaya yana sosa ƙeya, a bar sunan.

Akwai kuma bakin kaka. Harshen Hausa yana da dutsen niƙansa, duk sunan da ya shigo sai ya bi ta kai. Shi ya mayar da Khadija Hadiza, Bilƙisu Balki, Abdullahi Audu, Adamu Ado. Ba ya son wasu baƙaƙen su haɗu ba wasali, ba ya kuma son kalma ta ƙare a tsaye. Da aka gwada wa Hajiyarmu Afnan, sau uku tana cewa "Afunana", a na huɗu ta ce, "Ku dai kuka sani." A ƙasar Sakkwato da Katsina da Maraɗi, inda fa take komawa hwa, Farhan ba zai kwana yadda ya zo ba. Tsofaffin sunaye sun riga sun sha wannan niƙan sun fito sumul. Sabon suna kuwa ba ki san da wace kama zai fito ba, kuma abin da yaran unguwa suka mayar da shi, shi zai bi ta har gidan miji.

Sai na kawu, wanda ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci a ranar, ni kuwa shi ya fi tsaya min a rai. Sunan Hausa na gargajiya takardar haihuwa ce tun kafin a san takarda. Ka ji Ladi ko Ɗanladi ka san Lahadi ce. Altine da Tanimu Litinin. Talatu da Ɗantala. Larai, Balaraba da Bala. Lami da Ɗanlami. Jummai da Ɗanjuma. Asabe da Ɗan'asabe. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce bayan maza, Gambo ya bi tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Cindo ya zo da yatsa shida, Shekarau ya daɗe a ciki, Azumi da Tasalla da Sallau sun faɗi watan da kansu, Nomau ya zo ana tsakiyar aikin gona. Babu kakar da za ta yi tuntuɓe a kansu. Kuma su ne suke nuna daga ina mutum ya fito. Muhammad Ali zai iya zama ɗan Masar ko Pakistan, amma duk inda ka ji Tanko ka san Hausa ta bi ta wurin. Ibrahim Tanko da ya buga wa Borussia Dortmund ƙwallo ɗan Kumasi ne a Ghana. Maƙwabtanmu ma sun ara sun riƙe: Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta yake bayan naira 20, Bagwariya ce, Janar Ɗanjuma kuma Bajukune ne daga Takum. Kiristocin Arewa sun ma wuce mu a nan, suna raɗa wa 'ya'yansu Alheri da Godiya da Murna kai tsaye. Mu masu abin ne muke jin kunyarsa. A rajistata ta bana babu Talatu ko ɗaya, babu Ɗanlami, sai dai a gurbin sunan uba ko kaka.

Dalilin gudun ba ɓoyayye ba ne. An laƙaba musu ƙauyanci, har ya zama in za a yi wasan kwaikwayo, 'yar aiki ce Talatu, mai gadi ne Ɗan'asabe. Yaro kuma ba ya son a yi masa dariya a filin makaranta. Wasu sunayen ma ciwo ne a cikinsu. Ajuji da Ayashe da Bawa da Barmani sunayen 'ya'yan wabi ne, na uwar da ta binne 'ya'ya har ta koma nuna kamar ba ta damu da wannan ba, ko mutuwa za ta kau da kai. Wannan camfi ne, kuma ba wanda zai so 'yarsa ta tashi da sunan juji. Waɗannan a bar su a tarihi. Amma Larai me ta yi? Jummai fa, ko Bala? Ba a huɗuba da su a al'adance, gurbinsu na laƙabi ne, kuma wannan gurbin ne yanzu Mimi da Dady da Momi suka mamaye. In dai za a kira yaro Dady, ban ga abin da ya hana a kira shi Tanimu ba.

Masu tagwaye su ma ba dole ne su tsaya kan Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, 'yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan, amma mahaifinta ya sa mata Asma'u.

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, akwai alƙalin da bai san kara ba, shi ne takarda. A da mutum zai yi Garba a firamare, Abubakar a sakandare, Sadik a wurin aiki, ba abin da zai faru. Yanzu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, lambar NIN, BVN na banki da fasfo duk sai sun yi magana da baki ɗaya, kuma tun 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ba ta rajista sai da NIN. Wata tsohuwar ɗalibata da aka kawo aji ɗaya da sunan Ummi, haka aka rubuta, haka ta tafi har ajin ƙarshe na sakandare, alhali takardar asibiti A'isha ta ce. Mahaifinta ya yi makonni yana zirga-zirga tsakanin kotu don takardar rantsuwa da ofishin gyaran suna, rajistar jarrabawar shekarar kuma ta rufe yana kan layi. A nan tsohon suna ma ba tsira ya yi ba: Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Moh'd mutum huɗu ne a wurin kwamfuta. Iyalan da suke da dangi a tsallaken iyaka sun fi kowa sani, don Usman na Katsina shi ne Ousmane a Maraɗi, A'ishatu kuma Aïchatou. Sunayen zamani sun fi shiga wannan tarkon saboda ƙawar rubutu: Amira a yau, Ameerah gobe, Meerah a katin biki. A zauna tun ranar suna a rubuta shi sau ɗaya, harafi bayan harafi, uwa ta riƙe kwafi uba ya riƙe, kuma ranar kai yaro makaranta a miƙa wa malami takardar, kada a bar yayarsa 'yar shekara tara ta faɗa da baki.

To wa ya dace da wanne? In ɗan fari ne kuma iyaye suna raye suna zuba ido, ni dai ban ga ribar ɓata musu rai ba. A sa tsohon sunan a yanka, mai jego ta zaɓi laƙabi, tunda dama ko ba komai alkunya ba za ta bar ta ta kira sunan ɗan fari ba. In an riga an biya bashin kakanni na ɓangaren uba da na uwa, na uku ko na huɗu ne ya zo, nan ne wurin Nusaiba ko Mus'ab ko ma Afnan ɗin, bayan an tantance. Iyalin da suke zaune Legas ko Accra ko Turai, inda yaro zai tashi cikin wasu harsuna, su suka fi kowa bukatar Bala ko Jummai a tsakiyar suna, a rubuce. Malamai sun ce in an yi saɓani haƙƙin raɗa suna na uba ne, gaskiya ne. Amma a Suratu Ali Imrana mahaifiyar Maryam ce ta ce "na sa mata suna Maryam", don haka maigidan da ya tafi masallaci ya dawo ya sanar wa wadda ta yi naƙuda sunan ɗanta kamar labarin rediyo, ya yi amfani da haƙƙinsa ne kawai, bai kyauta ba.

Gwajin da na ba ƙanena mai sauƙi ne. Na ce ya tsaya a zaure ya ƙwala sunan da ƙarfi kamar yarinyar ta yi ɓarna. Ya sa kalmar Hajiya a gaban sunan ya ji ko zai zauna a kan mace mai shekara sittin. Ya haɗa shi da nasa sunan ya ji ko harshe yana sarƙewa. Hajiya Hadiza ta wuce ba gardama. Hajiya Afnan ya ɗan yi shiru, ya ce wataƙila kunnensa ne bai saba ba.

Ranar Talata da safe, bayan an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an samu Hadizatu. Dangin mai jego suka shigo da rana da akwatunansu, kowace riga an ɗinka mata Afnan da zare ruwan hoda. A takardar haihuwa an rubuta Hadiza, ba Khadija ba, ba Khadeejah ba. Ni na riƙe biron. Hajiyarmu kuwa, da ta samu abin da take so, sai ga shi ba ta iya furta sunan uwarta, Inna take ce mata. Yanzu watanta tara. Kawu ya zo makon jiya da buhun gero, ya tsaya daga bakin ƙofa ya tafa hannu ya ce, "Ina Larai?" Tana tsakiyar shan nono ta saki, ta juyo.